Yadda haske ke ƙona alkohol ba tare da wuta ba

Da an ce alkohol, hankalin yawancinmu kan giya yake tafiya. A wajen masana sinadarai kuwa sunan dangi ne guda: sipirit ɗin da ake goge fata kafin allura yana ciki, haka man tsaftace hannu na lokacin korona, da waɗanda masana'antu ke haɗa fenti da turare da su. Idan ragowarsu ta bi iska ko ruwan kwata, dole a nemi hanyar wargaza su.

A nan ne wata farar hoda ta shigo, titaniyom dayoksaid, wadda ke sa fenti ya yi fari. A 1972 masana biyu 'yan Japan, Fujishima da Honda, suka nuna cewa da taimakon haske wannan sinadari na iya raba ruwa gida biyu. Daga nan aka gwada shi kan alkohol.

Aikin hodar kamar na dillali ne a kara. Ba shi ne mai saniya ba, ba shi ne mai saye ba, amma sai da shi ciniki ke faɗawa, kuma ana tashi yana nan yadda yake. Ita dai ko la'ada ba ta karɓa.

Idan hasken altirabayolet, wanda ido ba ya gani, ya sauka kan hodar, sai ya tunkuɗe ƙwayar lantarki daga gurbinta ya bar rami. Ramin nan sai ya fizgo wata ƙwayar daga alkohol ɗin da ya manne wa hodar, iskar oksijin kuma ta kwashe wadda aka tunkuɗe. Dangin abin da ke faruwa ne idan ƙarfe ya yi tsatsa ko itace ya ƙone, sai dai nan babu harshen wuta.

Daki-daki abin ke tafiya. Itanol, wato alkohol ɗin giya, yakan koma asitaldihaid, sannan tsamin binega, a ƙarshe ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. In an tsayar a tsakiya kuma, a samu kayan sayarwa, kamar sinadaran ƙamshi. Tsohuwar hanyar yin haka da sinadarin kuromiyom tana barin dagwalo mai guba.

To ina matsalar? Altirabayolet bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa masana ke gauraya hodar da wasu sinadarai, irin su naitirojin, don ta yi aiki da hasken da ido ke gani. In an dace, za a rage kuɗin fitila da lantarki wajen tace ruwan masana'antu.