Shuka mai yaɗo da tsuntsu mai shan zuma

Darasinmu na yau ya shafi wani ɗan tsuntsu da shukar da ke kiran shi.

Sunan tsuntsun kolibiri. A nahiyar Amurka kaɗai yake zaune. Irinsa ya fi 300. Mafi ƙanƙanta yana tsibirin Kuba, nauyinsa wajen gram 2. Kolibiri yana tsayawa cak cikin iska, har yana tashi da baya. Abincinsa ruwan zuma na cikin fure da ƙananan ƙwari.

A gabashin ƙasar Amurka akwai wata shuka mai yaɗo, ƴar asalin wurin. Furenta ja ne, dogo, kamar ƙaramin kakaki. Bakin kolibiri ma dogo ne, siriri. In ya zura baki yana sha, garin fure sai ya manne a kansa. Ya kai shi ga wani fure, shuka ta yi ƴaƴa. Kowa ya amfana.

Ga yadda masu gida ke yi a can:

1. Suna dasa ta inda rana ke samu.
2. Suna kafa mata danga ko rumfa, don tana hawa mitir 3 ko fiye.
3. Suna ba ta ruwa sosai a shekarar farko.
4. Ba su fesa maganin ƙwari, don da ƙwari uwa ke ciyar da ƴaƴanta.

Me ya sa suke zaɓen ƴar ƙasa? A ƙarni na 19 an kai musu wata danginta daga Asiya. Ta bazu cikin daji, tana shaƙe ƙananan itatuwa. Har yau ana fama da ita.

Mu nan ba mu da kolibiri. Amma muna da sha-kauci, mai lanƙwasasshen baki da gashi mai ƙyalli. Ba danginsu ɗaya ba, amma aikinsu ɗaya. Za ku gan shi bisa furen kauci da na zogale.

Don haka, ku bar itatuwa masu fure a gida da garka. Kada ku fesa magani lokacin fure. Ku hana yara harbin tsuntsun nan da danƙo. Kafin ku dasa baƙuwar shuka, ku tambayi ma'aikacin gandun daji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.