Gargaɗi: Teku Na Cin Gaɓa Daga Keta Zuwa Aflao

Wannan kira ne na gaggawa ga jama'ar zango da ke zaune a bakin teku a yankin Volta na ƙasar Gana, tun daga Anloga da Keta har Denu da Aflao, da kuma fataken da ke zuwa sarin kifi, gishiri da albasa. Duk wanda aka yi wa tayin fili kusa da ruwa a farashi mai sauƙi, ya riƙe kuɗinsa. Araha ba ta ado. Filin da kuke gani bana, baɗi yana iya zama ƙarƙashin ruwa, kuma babu kotun da za ta ƙwato muku shi.

Wanda ke shakka ya je ya dubi ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a Keta a 1784: teku ya cinye wani babban ɓangare nata. Ƙauyen Fuveme kuwa ruwa ya tashe shi. A watan Nuwamba na 2021 igiyar ruwa ta afka wa garuruwan gaɓar, ta raba dubban mutane da muhallinsu. A farkon 2025 ta sake dawowa ƙauyukan Agavedzi, Salakope da Amutinu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Keta tana kan siririn tudun yashi, teku a gaba, tafki a baya. Da can Kogin Volta yana kawo yashi, igiya tana tura shi gabas, yana cike gurbin abin da ruwa ya kwashe. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, yashin yana maƙalewa a bayanta, teku kuma bai fasa ɗiba ba. Ga masu tifa suna haƙar ɗan abin da ya rage.

Kada shingen duwatsu ya ruɗe ku. Aikin kare gaɓar Keta da aka gama a 2004 ya ceci garin, wannan gaskiya ne. Amma duwatsun suna tare yashin da ya kamata ya wuce gabas, sai ƙauyukan da ke gaba da inda shingen ya ƙare su ɗauki dukan. Idan gidanku yana can, ku ne a bakin daga. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Talaka ne ya fi shan wuya. Dukiyar masunci kwalekwale ce da raga da inji. Ta matarsa murhun bandar kifi ce da kayan da ta ci bashi ta saya. Duka a bakin ruwa suke kwana, dare ɗaya ya isa. Bayan ruwan ya janye ma ba a huta ba: gishiri ya shiga rijiya, gonar albasa ta ƙone, yara sun bar karatu saboda an mai da ajinsu wurin kwanan waɗanda suka rasa gida. Bashin kuwa yana nan.

Saboda haka, kada ku sayi yashin bakin teku don gini. Haƙarsa tana ƙara janyo ruwa zuwa ƙofar gidanku, gishirinsa kuma yana cin rodi. Ku haɗa takardun fili, katin shaida da takardun makarantar yara cikin leda, ku kai wa ɗan'uwa a tudu. 'Yan kasuwa su daina tara haja a rumfunan gaɓa. Ku ƙara sa ido lokacin tsayuwar wata da cikarsa, don a nan ruwa ya fi hauhawa. Idan jami'an hukumar agajin gaggawa ta NADMO suka ce a tashi, a tashi, a fara da tsofaffi, yara da masu juna biyu. Lambar gaggawa ita ce 112.

Sarakunan zango da limamai, ku sanar da wannan a masallatai ranar Juma'a, ku kuma tsayar da wurin da jama'arku za su fake tun kafin ruwa ya zo. Allah Ya kiyaye.