Na Cikin Memori Naka Ne, Na Cikin Manhaja Aro Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu cajin waya a Kademi ranar kasuwa ya san yadda cinikin yake. Ka miƙa memori, yaron ya zura shi a kwamfuta, ya ce, "Baba, wa'azi ko waƙa?" Kafin ka gama cefane an cika maka shi: Shata, Ɗanƙwairo, tafsirin marigayi Malam Ja'afar, da waƙoƙin fim na yara. Haka aka saba daga Gaya har Ajingi tun zamanin ƙananan wayoyi masu madanni. Yanzu kuwa wayar shafawa ta shiga hannun kowa, kuma mai sayen Tecno ko Infinix ko itel yakan tarar da Boomplay zaune a ciki, domin kamfanin Transsion mai waɗannan wayoyi shi ya fito da ita a 2015. Matasa sun ƙara da Audiomack, wasu da Spotify wadda ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɓarnar da nake gani. Mutum yana da karatu a memorinsa, ya biya an tura masa, amma sai ya buɗe manhaja ya rubuta sunan malamin, ya saurara ta intanet. Wato yana sayen ruwa alhali ga rijiya a tsakar gidansa. Sauraron awa ɗaya a matsakaicin inganci yana cin megabait 40 zuwa 70. Awa ɗaya kullum, a wata ka haura gigabait guda. Kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba sai an gaya wa kowa zafin abin ba.

Alhali waɗannan manhajoji suna iya kunna abin da ke kan wayarka ba tare da ko ƙwandalar data ba. A Boomplay, shiga ma'ajiyar waƙoƙinka ka nemi inda aka rubuta "Local". A Spotify sai ka fara shiga saituna ka kunna maɓallin da ke nuna sautukan kan waya, sannan jakarsu ta bayyana. Kashe data ka gwada: in ya yi sauti, daga wayarka yake fitowa.

Wannan gwaji dai bai raba gardama duka ba, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Waƙar da ka danna "saukewa" a cikin manhaja ita ma za ta yi ba data, amma sau da yawa a kulle take. Ba ta tafiya ta Xender, ba ka iya kwafar ta a memori ka zura a rediyon mota, kuma ranar da ka goge manhajar sai ta bi ta. A Spotify ma sai mai biyan kuɗin wata ne ke sauke waƙa, kuma in ya yi kwana 30 bai hau intanet ba, abin da ya sauke ya rufe. Kamfani kan janye hajarsa kuma: a Disambar 2024 Sony ya kwashe waƙoƙinsa daga Boomplay, masu saurare suka wayi gari babu su. Kayan aro ba ya rufe katara. Don haka kada wani yaro ya ruɗe ka da cewa, "Goge na memorin, ai duk suna cikin manhaja." Ba duka ba ne. Waƙar da aka yi wa 'yarka ranar biki da sunanta a ciki, karatun ɗanka ranar sauka, wa'azin limamin unguwarku da wani ya naɗa a azumin bara, muryar tsohon da ya riga mu gidan gaskiya: waɗannan babu kamfanin da ya ajiye maka su. In sun tafi, sun tafi ke nan.

Shi kansa memorin ba abin sakankancewa ba ne. Akwai na jabu da ke nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Da ka cika shi sai tsofaffin sautuka su fara lalacewa. Arhar da ta wuce kima ita ce alamarsa ta farko.

Sai batun izini. Manhajar sauraro tana buƙatar ganin sautukan wayarka, wannan daidai ne. Amma in ta nemi karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka, ka tambayi kanka me ya haɗa waƙa da saƙon banki. An fi samun wannan a manhajojin da aka yi wa kwaskwarima, waɗanda ake turawa hannu da hannu ana cewa komai kyauta ne. Ka ɗauko taka daga Play Store, ka huta.

Ga wani ɗan abin kunya da ba a cika faɗa ba. Manhaja ba ta san sirri ba. Wani lokaci takan kwaso har da kiran wayar da ka naɗa ta jera shi cikin waƙoƙi. Ka haɗa waya da sifika a majalisa, Shata ya ƙare, sai ga muryarka kana roƙon a ɗaga maka bashi. Duba jerin kafin ka kunna wa jama'a.

Sai batun haƙƙi. Kunna naka a wayarka daban, ɗora waƙar wani a intanet da sunanka daban. Na biyun shiga haƙƙin mai ita ne, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta hana.

Roƙona ga mutanen Kademi da kewaye: kafin ka kai waya gyara, ko a Gaya ne ko a Farm Centre ta Kano, zare memorinka ka sa a aljihu. Sautukan da ba ka da madadinsu kuma ka kwafe su a memori na biyu, ka ba uwargida ta adana maka a ɗaki.