Ko Kun Sani?

Tsohuwar Mercedes 911, irin wadda ke dakon kaya ta Magama zuwa Maraɗi, injinta OM352 ne mai silinda 6, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1964. Babu kwamfuta a jikinsa, shi ya sa bakanike ke iya sauke shi da sifana, ya sauya fistin da ringi, ya kai famfon mai da nozul a saita. In za a mai da ita janwe, wasu kan ƙara wa injin turbo. Sai dai ƙarin ƙarfi na zuwa da ƙarin zafi, don haka dole lagireto ya fi na da girma, kuloci da birki ma su iya ɗaukar nauyin.