Jan Mai Yana Ɗiga a Ƙarƙashin Mota: Yadda Ake Gyara Bututun Sanyaya Man Giya

'Yan'uwa, a ƙauyuka da yawa mota guda ce take yi wa kowa hidima. Ita ce take kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce take kai buhunan masara kasuwa, ita ce kuma take ɗaukar jama'a zuwa biki ko jana'iza. Yawancin waɗannan motoci tsofaffi ne, irin 'yan Kwatano, kuma da dama daga cikinsu giyar otomatik gare su. Direbobinmu kuwa galibi da mota mai giyar hannu suka koyi tuƙi, irin su Peugeot 504. Sun san baƙin mai, sun san ruwan lagireto, amma in suka ga ɗan jan mai a ƙasa inda motar ta kwana, sai su ce ba komai.

Akwai komai. Sau da yawa wannan jan mai daga bututun da ke sanyaya man giya yake fitowa. Idan an gano shi da wuri, gyaransa aikin ɗan guntun tiyo ne da kilif huɗu. Idan aka ƙyale shi, giyar gaba ɗaya ce za ta ƙone, kuma kuɗin wata giya ya ninka na tiyo sau da yawa.

Me wannan bututu yake yi?

Giyar otomatik da mai take aiki. Man ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya kai shi cikin giya, shi ne yake matse faifan da ke ciki idan giya za ta canza, shi ne kuma yake hana ƙarafa cin juna. Wannan aiki yana sa shi zafi ƙwarai. Zafin da ya dace da shi yana tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Selsiyus. Idan ya haura 120, sai man ya fara lalacewa da sauri. Hawan tudu, kaya mai nauyi, da kutsawa cikin yashi ko taɓo duk suna ƙara masa zafi.

Saboda haka masu ƙera mota suka sa siraran bututu biyu daga akwatin giya zuwa gaban mota. Ɗaya yana kai man da ya yi zafi zuwa wani ɗan ma'aji da ke cikin lagireto, ta ƙasa ko ta gefe, inda ruwan lagireto yake rage masa zafi ba tare da sun gauraya ba. Ɗayan kuma yana komar da shi giya. Wasu motocin suna da ƙaramin lagireto na dabam a gaban babban. Yawancin tsawon bututun ƙarfe ne, amma kusa da lagireto akan haɗa shi da tiyo na roba domin jijjigar inji kada ta karya shi.

Muddin inji yana aiki, famfon da ke cikin giya yana tura mai ta wannan hanya. Akwatin giyar ƙaramar mota yana ɗaukar wajen lita 6 zuwa 10. Idan tiyo ya fice a kan hanya, famfon zai iya zubar da mafi yawansa cikin 'yan mintoci.

Daga ina yoyon yake fitowa?

Wurare huɗu ne aka fi samunsa:

1. Tiyon roba. Shekaru da zafi suna sa ya bushe ya tsattsage, ko ya kumbura ya yi laushi.
2. Bakin tiyo, inda kilif ya saki ko ya yi tsatsa.
3. Bututun ƙarfe. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara sun sha gishirin da ake zubawa a kan titi, don haka tsatsa takan ci ƙarƙashinsu. A hanyoyinmu kuma dutse yakan buge bututun, ko maƙalinsa ya karye ya riƙa gogar jikin mota har ya huje.
4. Notin da ya ɗaure bututu a jikin lagireto ko a jikin giya.

Yadda za ku tabbatar

Ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar da yamma, da safe ku duba. Man giyar otomatik ja ne idan sabo ne, idan ya tsufa sai ya koma ruwan ƙasa. Amma ku lura, ba kowane jan abu ne man giya ba. Wasu motocin, kamar Toyota, ruwan lagiretonsu ja ne ko ruwan hoda. Ku murza shi da yatsa: ruwan lagireto tsinkakke ne, man giya kuwa yana da santsi da maiƙo. Haka kuma motoci da yawa irin wannan jan mai suke sha a sitiyari, saboda haka ku duba tulun man sitiyari ko shi ne yake raguwa.

Bayan haka ku goge bututun biyu da tsumma tas, daga giya har lagireto. Ku ja birkin hannu, ku sa giya a P, ku tayar da inji, ku haska da tocila. Inda ya fara jiƙewa, nan ne ciwon yake. Ku nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe, domin mai yakan bi jikin bututu ya gangara ya ɗiga a wani wuri dabam. Ku nisanta hannu da bakin riga daga fanka da bel.

Motar ma takan ba da alama. Idan kun sa D ko R sai ta yi jinkiri kafin ta kama, ko inji ya riƙa kuka amma gudu ba ya ƙaruwa, ko ku ji ƙauri, to man ya yi ƙasa.

Kayan da za ku tanada

Tiyo na man giya, mai faɗi daidai da na tsohon. Yawanci milimita 8 ne ko 10, wato 5/16 ko 3/8 na inci. Mai kyau akan rubuta SAE J1532 a jikinsa. Ku tafi da tsohon wurin mai sayar da kayan mota domin a gwada. Sai sababbin kilif, filaya, sukudireba, sifana, wuƙa mai kaifi, mazurari mai tsabta, kwano na tarar mai, tsummoki, da man giya lita biyu.

Kafin a fara

Ku bar motar ta huce sosai, domin man giya mai zafi yana saluɓe fata. Ku tsayar da ita a wuri mai tauri wanda ba gangare, ku sa dutse a bayan tayoyi. Ku cire wayar batir ta baƙi, saboda fankar lantarki takan tashi da kanta ko da an kashe mota. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe ko manyan katakai masu ƙwari. Bulo na siminti yakan fashe ba zato.

Idan tiyo ne ya lalace

1. Ku wanke wurin, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin giya.
2. Ku sa kwano a ƙasa, ku sassauta kilif, ku murɗa tiyon a hankali ya fita. Idan ya manne, ku tsaga shi da wuƙa a tsaye. Kada ku fizga, domin bakin lagireto yana iya karyewa.
3. Ku canza su ɗaya bayan ɗaya don kada ku rikita mai zuwa da mai dawowa. Tun da tare suka tsufa, gara a canza duka biyun.
4. Ku yanka sabon daidai tsawon tsohon. Ku zura kilif tukuna, ku shafa ɗan man giya a bakin ƙarfen, ku tura tiyon ya wuce ɗan tudun da ke bakin.
5. Ku ɗaure kilif a bayan wannan tudu. A matse shi da kyau, amma kada ya yanki robar.
6. Ku tabbata tiyon bai lanƙwashe ba, kuma bai taɓa salansa, ko fanka, ko wani ƙarfe mai kaifi ba.

Idan bututun ƙarfe ne ya huje

Gyara na gaskiya shi ne a canza bututun gaba ɗaya. Idan ba a samu ba, kuma wurin da ya lalace ɗan kaɗan ne, ana iya yanke shi har a kai ga ƙarfe mai lafiya ta kowane gefe. Idan da zarto aka yanka, a toshe cikin bututun da ɗan tsumma, a goge bakin, a cire garin ƙarfen tas, sannan a tuna a zare tsumman. Daga nan sai a haɗa da sabon guntun ƙarfe da mahaɗin tagulla mai noti biyu, ko kuma da tiyon man giya. Idan tiyo ne, a sa bakanike ya ɗan buɗa bakin ƙarfen kaɗan don tiyon ya sami abin kamawa, a tura shi kamar santimita 4 a kan ƙarfen, a sa kilif biyu a kowane gefe. Bakin da yake sumul, tiyo yakan sulluɓe daga kansa idan mai ya yi zafi. A ƙarshe a mayar da bututun cikin maƙalinsa.

Gargaɗi: irin wannan haɗi na bututun giya ne kawai. Kada a taɓa yin sa a bututun birki, domin ƙarfin matsin da ke can ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Idan noti ne yake tsatsafo

Ku yi amfani da sifana biyu, ɗaya ya riƙe na jikin lagireto, ɗaya ya juya na bututu. Ku ɗan ƙara matsewa kaɗan. Idan bai tsaya ba, ƙara ƙarfi ba zai taimaka ba. Ko dai zoben robar da ke ciki ya mutu, ko bakin bututun ya tsage, sai an canza.

Zuba mai da gwadawa

Ba kowane jan mai ne ya dace da kowace giya ba. Ku karanta abin da aka rubuta a kan gejin man giya ko a littafin motar. Tsofaffin motoci da yawa suna shan Dexron II ko III. Wasu Toyota suna neman T-IV, Honda kuma tana da nata, giyar da ake kira CVT ma man ta dabam ne. Kamfanin General Motors ne ya fito da sunan Dexron a 1967, kuma tun ƙarshen 2006 ya daina ba da lasisin Dexron III, ya koma kan Dexron VI. Ke nan rubutun Dexron III a jikin galan ba shi kaɗai ne shaidar inganci ba. Ku saya a wurin wanda kuka amince da shi, a galan da ba a ɓalle murfinsa ba. Araha ba ta ado.

Ana zuba man ta bakin gejin, kaɗan-kaɗan. Ku mayar da wayar batir, ku tayar da inji, ku taka birki, ku bi da giya ta kowane harafi a hankali, ku dawo P. Ku duba wurin da kuka gyara. Idan ya bushe, ku yi tafiyar minti 15 zuwa 20, ku tsaya a wuri madaidaici, ku auna yayin da inji yake aiki. Man ya tsaya tsakanin zane biyu na wajen da aka rubuta HOT. Tazarar zanen biyu wajen rabin lita ce kawai, don haka kada ku cika da yawa, gama man da ya yi yawa yakan yi kumfa. Tsofaffin Honda kuwa ana auna su ne nan da nan bayan an kashe inji. Ku sake shimfiɗa kwali kwana uku, bayan mako guda kuma ku sake taɓa kilif ɗin.

Man da ya zuba a kwano kada a mayar da shi giya. Kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya ko gona. A sa a galan mai murfi, nesa da yara, a kai wa bakanike.

Abubuwan da ba za su riƙe ba

Ɗaurin robar tiyub, leda, gam, da sabulu ba sa jure man da ya yi zafi yana tafiya da ƙarfi. Tiyon ruwa da tiyon fetur ba don wannan aiki aka yi su ba, sukan yi laushi su fashe. Kada kuma a toshe bututun ko a matse shi don a hana yoyo, domin man da yake dawowa shi ne yake jiƙa wasu sassan giyar.

Idan ya faru a kan hanya

Ku tsaya nan take ku kashe inji. Man giya da ya fesu a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta. Kada ku ce bari mu lallaɓa mu kai gari, domin 'yan kilomitoci ba mai sun isa su ƙona giyar. Haka kuma jan mota mai otomatik da igiya zuwa nesa yana lalata ta, tun da famfon mai ba ya aiki idan inji yana kashe. Ya fi kyau a kawo bakanike wurin motar. Direban da yake ajiye tiyo rabin mita, da kilif huɗu, da mai lita biyu a but, sau da yawa zai iya kai mara lafiyarsa asibiti.

Yaushe ne aikin ya fi ƙarfinmu?

Idan kun zaro geji kuka ga man ya zama kamar an dama shi da madara, ko kuka ga maiƙo ja a cikin ruwan lagireto, to ma'ajin da ke cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga giya. Kada a tuƙa motar. Sai an canza lagireto, an wanke giyar. Haka nan idan man ya yi baƙi yana ƙauri, ko motar ba ta da geji sam, a nemi bakaniken da ya san giyar otomatik.

Tambayoyi domin kwamitin mota

1. Wa aka ɗora wa alhakin duba ƙarƙashin motarmu da auna man giya kowane mako?
2. Mun san irin man da giyarmu take sha? An rubuta shi a littafin motar?
3. Akwai ɗan kuɗin da muke warewa daga kowace tafiya domin ƙananan gyare-gyare?
4. Idan direba ya kawo rahoton ɗigon mai, muna saurarensa, ko muna cewa a bari sai bayan girbi?

Ku sami lokaci wannan mako ku buɗe bonet tare da direbanku, ku nemo bututun nan biyu, ku taɓa su da hannu yayin da motar take a sanyaye.