Kisan Jinƙai ga Shanun Tatsa a Manyan Gonakin Madara

Kisan jinƙai shi ne a kashe dabbar da ciwo ko rauni ya kai ta inda ba a sa ran warkewarta, ta hanyar da za ta gusar mata da hankali nan take kafin rai ya fita, domin a yanke mata wahala. Ya bambanta da yankan gaggawa da makiyaya Musulmi suka saba yi wa saniyar da ta galabaita don kada ta mutu mushe, domin a can ana neman tsirar da naman ne, a nan kuwa ba za a ci naman ba. Batun ya fi tasowa a manyan gonakin madara na Amurka, Turai da Niyu Zilan, inda ake kiwon shanu irin su Holstein, waɗanda a Amurka guda ɗaya kan ba da madara fiye da lita 10,000 a shekara.

Wannan yawan madara yana cin jikin saniya, musamman a makonnin farko bayan haihuwa. Sinadarin kalsiyam da ke cikin jininta yakan kwarara zuwa hantsa har gaɓoɓinta su saki, abin da ake kira zazzaɓin madara. Haihuwa mai wuya kan murƙushe jijiyoyin ƙugu. Mugun ciwon hantsa kan zuba guba a jini. Santsin daɓen siminti kuma kan jawo karaya ko gocewar ƙashi. Ko ta wace hanya abin ya zo, ƙarshensa saniya ce kwance da ta kasa tashi. Dabbar da nauyinta ya kai kilo 600 ba ta jure doguwar kwanciya, domin cikin 'yan sa'o'i nauyin jikinta zai danne tsoka da jijiyoyin ƙafar da ke ƙasa har su fara mutuwa, ta yadda ko an magance ciwon farko, kwanciyar kanta ta zama ciwo na biyu. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ɗaukar wadda ta wuce sa'o'i 24 ba ta miƙe ba a matsayin wadda damar tashinta ke raguwa sosai.

A da, manomin Amurka yana iya loda irin wannan saniya a mota ya kai ta mayanka ya sami ɗan abin da ya samu. A watan Disamba na 2003 aka gano cutar haukan shanu a jikin wata saniyar tatsa a jihar Washington, sai Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta hana yanka shanun da ba sa iya tsayuwa domin abincin mutane. Dokar ta bar wata 'yar kafa ga waɗanda suka faɗi bayan likita ya duba su, har sai da ƙungiyar Humane Society ta fitar da hoton bidiyo a 2008 daga mayankar Hallmark da ke Chino a jihar Kalifoniya, inda aka ga ma'aikata suna tunkuɗa shanu da motar ɗaukar kaya suna jona musu lantarki don su tashi. Aka janye nama kimanin kilo miliyan 65 daga kasuwa, aka kuma toshe kafar a 2009. Tarayyar Turai ma ta hana safarar dabbar da ba ta iya tafiya da ƙafarta. Da haka hukuncin ya dawo cikin gona, a hannun manomi da ma'aikatansa.

Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka, wadda ta sabunta ƙa'idojinta a 2020, ta amince da hanyoyi uku ga shanu. Akwai allurar barbiturat mai yawa a jijiya, wadda ke sa barci mai nauyi sannan numfashi da zuciya su tsaya. Ita ce mafi sauƙin kallo, sai dai likita kaɗai ke da izinin riƙe maganin, kuma gawar takan zama guba, har an sha samun mikiya da karnuka sun mutu bayan sun ci daga gare ta. Akwai harbi da bindiga, akwai kuma bindigar ƙusa, wato na'urar da ke cilla sandar ƙarfe cikin ƙwaƙwalwa ta dawo da ita ba tare da harsashi ya fita ba. Wannan ta ƙarshe sumarwa take tabbatarwa, don haka dole a bi ta da mataki na biyu, ko zubar da jini, ko lalata ƙwaƙwalwa da tsinken ƙarfe, ko allurar gishirin fotasiyam, wadda ba a yarda a yi wa dabbar da ke cikin hayyacinta ba. Wurin da ake saita bindigar shi ne mahaɗar layuka biyu da aka ja daga gefen kowane ido zuwa gindin ƙahon da ke ɗaya ɓangaren, domin ƙwaƙwalwar saniya tana sama da inda yawancin mutane ke zato, kuma wanda ya harba tsakanin idanu hanci zai fasa. Ba a barin wurin sai an tabbatar numfashi ya ɗauke, zuciya ta tsaya, ido kuma ba ya ƙiftawa idan an taɓa shi.

Duk da yawan abin da aka rubuta game da hanyoyin, ba a nan mafi yawan wahalar shanu take ba. Harbin da aka kuskure azabar mintoci ce, jinkirin yanke hukunci kuwa azabar kwanaki ce, kuma jinkirin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Manomi yana tuna wata saniya da ta taɓa tashi bayan mako guda, sai ya ce a ƙara mata kwana ɗaya. Yana lissafin kuɗin da ya zuba tun tana maraƙa da kuɗin likita da na kwashe gawa. Ma'aikacin da ke ganinta kullum ba shi da ikon yanke hukunci, mai ikon kuma ba ya nan. Ga shi saniya dabba ce mai ɓoye ciwo, ba ta kuka, sai dai ta daina tuƙa, ta riƙa cizon haƙora, kunnuwanta su yi sanyi. Akwai kuma nauyin zuciya, abin da marigayi masanin falsafa Bernard Rollin na Jami'ar Jihar Kolorado ya daɗe yana jawo hankali a kai: mutumin da aikinsa raya dabba ne ba ya son ya zama mai kashe ta, kuma sau da yawa wannan tausayin ne ke tsawaita wahalar da yake gudu.

Maruƙa maza, waɗanda ba su da amfani ga mai neman madara, wani babi ne daban, tunda lafiyarsu ƙalau ake kashe wasunsu, kuma kiran wannan jinƙai rufa-rufa ce. Niyu Zilan ta hana kashe su da duka a ka tun 2016, sai a halin gaggawa.

Maganin jinkiri da shirin kula da shanu na masu madarar Amurka, wanda aka kafa a 2009, ya dogara da shi shi ne rubutacciyar ƙa'ida da gona ke tsarawa tare da likitanta tun kafin buƙata ta taso. Ana rubuta alamomin da ba a jira a kansu, irin su karayar da ƙashi ya fito da saniyar da ta kasa ɗaga kirjinta daga ƙasa, ana sa wa'adin sake duba wadda ake jinya, ana kuma ambata ma'aikatan da aka horar aka ba su izinin zartarwa ko da mai gona yana tafiya.