Hajiya Dada, Uwar Manya, Ta Cika Tana da Shekara 102

Ran Litinin 2 ga watan Satumba 2024 Allah ya yi wa Hajiya Dada 'Yar'aduwa rasuwa a birnin Katsina, tana da shekara 102 a duniya. Bakatsinen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan ba sai an gaya masa ko wace ce ba. Ita ce matar marigayi Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, kuma mahaifiyar Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Bisa wannan lissafi an haife ta wajen 1922, watau zamanin Sarki Muhammadu Dikko, lokacin Turawa na cikin ganiyar mulkinsu. Ta ga sarautar Usman Nagogo tun daga 1944 har zuwa 1981, ta ga ta Muhammadu Kabir Usman, ta kuma riski ta Abdulmumini Kabir. Sarakuna huɗu ke nan a idon mace guda.

Gidan nan yana da tsohuwar alaƙa da Kudu. Maigidanta shi ne Ministan Harkokin Ikko a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, har ran da soja suka yi juyin mulki a 1966. Ɗanta Umaru kuwa a wata makarantar 'yan mata da ke Ikko ya yi aikin bautar ƙasa bayan ya gama Jami'ar Ahmadu Bello.

Duk wanda ya ji an ce mace ta haifi na biyu a mulkin soja, ta kuma haifi Shugaban Ƙasa, sai ya ce ta gama morewa. To, amma sai a duba abin da ya biyo baya. An haifi Shehu a 1943. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a watan Fabrairu 1976 aka ɗaga shi ya zama mataimakin Janar Obasanjo, bai ko cika shekara 33 ba. Suka miƙa mulki ga farar hula a 1979, ya tuɓe kaki ya shiga kasuwanci, daga baya siyasa. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, sa'an nan aka mayar ɗauri. Ran 8 ga Disamba 1997 ya rasu yana tsare a kurkukun Abakaliki, can ƙasar Ibo. Gawarsa aka kawo wa uwar gida.

Umaru, wanda aka haifa a 1951, ya yi gwamnan Jihar Katsina shekara takwas, ya hau kujerar Shugaban Ƙasa a 2007. Ciwo bai bar shi ya ƙarasa ba. A watan Nuwamba 2009 aka tafi da shi asibiti a Jidda, ƙasa ta cika da ka-ce-na-ce a kan ko yana raye ko ba ya raye. Jaridu da 'yan siyasa kujera suke magana a kai, alhali a Unguwar 'Yar'aduwa akwai tsohuwa mai shekara kusan casa'in wadda ɗanta ne ke kwance. Ya cika ran 5 ga Mayu 2010, kashegari aka kawo shi Katsina.

Bayan wannan ta ƙara shekara goma sha huɗu, cikin 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Ba a san ta da hawa dandamali ko yawan magana da 'yan jarida ba, amma manyan 'yan takara in sun shiga Katsina sukan ratse su gaishe ta, wasu don zumunci, wasu kuwa, a faɗi gaskiya, don a gan su a gidan. Ta ga jikanta Murtala, ɗan Shehu, ya zama ƙaramin Ministan Tsaro a 2010, ta kuma ga ɗanta Abdul'aziz ya shiga Majalisar Dattawa a 2023.

Ran Talata 3 ga Satumba aka yi mata salla a Katsina, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima yana cikin sahu. Aka kai ta maƙabartar Ɗan Marna, inda Umaru yake kwance. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.